Masu Wanke Kaburbura a Fort Bend

Jihar Teksas ta Amurka tana da gundumomi 254, kuma doka ta ba majalisar kowace gunduma damar naɗa hukumar tarihinta. Mambobin ba su karɓar ko sisi. Ana naɗa su na shekara biyu-biyu, kuma waɗanda na sani galibi tsofaffin malaman makaranta ne da ma'aikatan da suka yi ritaya. Ni ban taɓa zama mamba ba. Ɗan taya aiki ne ni, mai ɗaukar bokiti da riƙe takarda, a shekarun da na zauna a gundumar Fort Bend, kudu maso yammacin Houston.

Abin da ya kai ni wurinsu shi ne labarin da ya girgiza gundumar a 2018. A watan Fabrairu, masu aikin gina wata makaranta a Sugar Land suka ci karo da ƙasusuwan mutane. Da masana suka gama tono, aka ƙirga gawa 95 ta baƙar fata, fursunonin da gwamnatin jiha ta riƙa ba da hayarsu ga masu gonakin rake bayan an haramta bauta. Reginald Moore, wanda ya taɓa aikin gandiroba, ya shekara da shekaru yana faɗin cewa akwai kaburbura a yankin. An mayar da gawarwakin makwancinsu a Nuwamba 2019, shi kuma ya rasu a 2020. Tun daga wannan lokaci na kasa kallon filayen da nake wucewa a mota da ido irin na da.

Aikin maƙabarta ranar Asabar muke yinsa, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ƙananan maƙabartu ne na ƙauye, wasu a wajajen Kendleton, garin da 'yantattun bayi suka kafa bayan yaƙin basasar Amurka. Sai an kutsa ciyawa har gwiwa, ga sauro, ga jajayen tururuwa masu cizo kamar wuta. Wata dattijuwa mai jagorantarmu ta kafa mana doka tun ranar farko: ba sinadarin wanki mai ƙarfi, ba burushin ƙarfe. Ruwa, burushi mai laushi, sai haƙuri. Idan rubutu ya shafe, sai ta ɗauko madubi ta karkato hasken rana ta gefen dutsen, sai ka ga haruffan da ka rantse babu su sun fito ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta koya mini cewa inda ƙasa ta ɗan lotsa a jere, ko inda furen gida ya tsiro a tsakiyar daji, to akwai mutum kwance ko da babu dutse. Mu auna, mu ɗauki hoto, mu rubuta a takarda. Dalilin wannan wahala a fili yake. Tun 1998 jihar take da tsarin da maƙabartar da ta kai shekara 50 za ta shiga rajistar filaye ta gunduma, ta yadda mai sayen fili ba zai ce bai san da ita ba. A gundumar da gidaje ke cinye gonaki kullum, wannan takarda ba ƙaramar garkuwa ba ce.

Amma ranar da ta fi zauna mini a rai a ɗakin karatu na George Memorial da ke Richmond ta same ni, a sashen binciken asali. Wata tsohuwa baƙar fata ta zo neman kakar kakarta, idonta kuma ya yi rauni, sai aka ce in zauna in karanta mata. Muka bi ƙidayar jama'a baya-baya, muka tsallake ta 1890 da gobara ta cinye mafi yawanta a 1921, har muka isa ta 1870. Nan hanya take toshewa ga mafi yawan baƙaƙen Amurka, domin ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A takardun bayi na 1850 da 1860 sunan ubangida kawai ake sawa, ƙarƙashinsa kuma shekaru, jinsi da launin fata.

Wani ɗan sa-kai da ya san kan takardun kotu ya ce mu duba lissafin gado na mai gonar da aka bautar da kakar. Can muka same ta. Sunanta na yanka kawai, tsakanin shanu da kayan ɗaki, an rubuta kuɗinta a gefe. Na karanta, muryata na rawa.

"Ɗana, sake karanta mini," in ji ta.

"To, Mama."

Na sake. Ba ta yi kuka ba. Ta zaro fensir daga jaka ta rubuta sunan da hannunta, ta bar kuɗin.

A gida ƙasar Hausa, addini ya sa ba mu damu da rubutu a kan kabari ba, kuma ban ga aibin haka ba, domin sunayen kakanninmu suna bakin tsofaffi da maroƙa. Waɗannan mutane an tsinke musu wannan igiya da gangan, shi ya sa guntuwar takarda take da nauyi haka a wurinsu. Tsofaffin allunan tarihi na bakin hanya galibi masu gona da jaruman yaƙi suke yabo. A ganina, aiki mafi daraja da waɗannan hukumomi ke yi yanzu shi ne cike wannan giɓi, kuma tsofaffi masu ciwon gwiwa ne ke yinsa kyauta.

'Yan'uwana Hausawa mazauna Houston da kewaye, zaman hukumar a buɗe yake ga kowa, kuma suna matuƙar buƙatar matasa masu ƙarfi da masu iya kwamfuta. Ku ba su Asabar ɗaya, ku tafi da yaranku.