Rijiyar Yusuf a Ganuwar Salahuddin ta Alƙahira



'Yan uwana matasa, cikin duk abin da ke ganuwar Salahuddin, wadda ke kan tudu a gefen dutsen Muƙaɗɗam a birnin Alƙahira, rijiyarta ce ta fi tsaya mini a rai.

A shekarar 1176 Sarki Salahuddin Al-Ayyubi ya ba da umarnin gina wannan ganuwa domin kare birnin daga mayaƙan Salibiyya, ya damƙa aikin a hannun amintaccensa Baha'uddin Ƙaraƙush. Aka ta da katanga mai kauri da sassaƙaƙƙen dutse, aka jera mata hasumiyoyi masu 'yan kafofin harba kibiya. Sai dai magina sun san cewa ganuwar da ke kan tudu, in babu ruwa, kurkuku ce. Abokin gaba ya kewaye ta ya zauna kawai, ƙishirwa za ta buɗe masa ƙofa.

Saboda haka suka fasa dutsen, suka haƙa rijiya mai zurfin kusan mita 90, hawa biyu. Suka sassaƙa hanya mai kewaya ramin sama, inda ake gangarawa da shanu zuwa tsakiya. Can cikin duhu shanun ke juya keken ɗebo ruwa daga ƙasa, wasu shanun a sama su ƙarasa fito da shi. Ana kiranta Rijiyar Yusuf, sunan yanka na Salahuddin ke nan.

Abin lura, shi kansa bai zauna a ganuwar ba. Ya bar Masar a 1182, bai sake komawa ba har Allah ya karɓi ransa a Dimashƙa a 1193. Ɗan ƙanensa, Al-Kamil, shi ya tare a ciki, kuma daga nan aka riƙa mulkin Masar har ƙarni na 19. A yau idon baƙo kan fara sauka ne a kan ƙubbobin masallacin Muhammad Ali, wanda aka soma ginawa a 1830, rijiyar kuwa tana ɓoye a ƙasa.

Wannan yakan sa in tambayi kaina: cikin ayyukana, nawa ne hasumiya da nake so a hango daga nesa, nawa ne rijiya? Mu da muke ƙosawa in ba a yaba mana nan take ba, za mu iya haƙa abin da jikokin wasu za su sha?

Allah ya jiƙan Salahuddin da waɗanda suka fasa dutsen nan, ya ba mu ikhlasi a ayyukanmu, amin.