Ƙanƙarar da ta Kwanar da Yara a Makaranta

Abin da ke ba ni mamaki da kudancin Amurka shi ne, dusar ƙanƙarar da yaron Kanada zai taka ya wuce makaranta, ita ke tsayar da gari guda a can. Ƙasar zafi ce, motocin share hanya kaɗan ne.

Ran 28 ga Janairu 2014, masu duba yanayi sun gargaɗi birnin Atlanta tun kafin asuba, amma aka buɗe makarantu, ina jin don gudun kada a rufe a banza, iyaye su yi tsegumi. Da rana ta sauko, ko inci 3 ba ta kai ba. Aka sallami kowa lokaci ɗaya, hanyoyi suka cushe, dubban yara suka kwana a makaranta, waɗansu cikin bas.