Kunnen Dattijo a Ƙasar Warlpiri

Alice Springs gari ne a tsakiyar Ostareliya, jar ƙasa da duwatsu ta ko'ina. Kogin Todd ya ratsa garin, amma yawancin shekara yashi ne zalla, har ɗan garinmu Madarunfa da ya san Gulbin Maraɗi da rani ba zai ji baƙunta a bakinsa ba. Daga nan muka ɗauki hanyar Tanami, muka nausa arewa maso yamma zuwa ƙasar Warlpiri, ɗaya daga cikin ƙabilun Aborijin, ƴan asalin nahiyar. Babban ƙauyensu, Yuendumu, yana da nisan kusan kilomita 300.

A wani ƙaramin asibitin ƙauye na tarar da ranar awon ji. Tsofaffi ne a jere, maza gefe, mata gefe. Mai awon ta zo ne daga birni da kayanta a akwati. Ta leƙa kunnen wata tsohuwa da ƴar fitila mai ɗaukar hoto, sai ga dodon kunnen a allon kwamfuta, da tsohuwar huda a jikinsa. Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Daga nan aka ɗora mata abin saurare a kai, aka ce duk lokacin da ta ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ta ɗaga hannu. Aka cusa mata wani abu mai laushi a kunne ya ɗauki siffarsa, domin a ƙera na'urar ƙara ji daidai da ita. Duk wannan bayani da Warlpiri ya isa gare ta, ta bakin wata ma'aikaciyar lafiya ƴar ƙauyen, wadda ke kiranta da sunan zumunta, tana zaune dab da ita, fuska da fuska.

Ko sisi tsohuwar ba ta biya ba. Hukumar gwamnati mai suna Hearing Australia, wadda asalinta ke komawa 1947, tana ba duk ɗan Aborijin da ya kai shekara 50 awo da na'ura kyauta, kuma ma'aikatanta na zagaya ƙauyuka sama da 200. Akwai dalilin da aka sauko musu da shekarun. A can kurumta ba ta jiran tsufa. Tun jariri na goye ciwon kunne ke kama shi, mugunya ta yi ta zuba wata da watanni, dodon kunne ya huje, ga cunkoso a ɗaki ɗaya, ga mura ba ta ƙarewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya auna kunnuwan mutane ya samu kashi 43 cikin ɗari na Aborijin masu shekara 7 zuwa sama suna da raunin ji, a cikin ƴan shekara 55 zuwa sama kuwa kashi 82. Yawancinsu ba su ma faɗi cewa suna da matsalar ba sai da aka auna. Wahala ce da talauci da ƙwacen ƙasa suka haifa, kuma ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen ba su zauna jiran gwamnati ba. A 1971 suka buɗe asibitin kansu na farko a unguwar Redfern ta Sydney. A 1973 aka kafa Central Australian Aboriginal Congress a Alice Springs, kuma har yau su ke riƙe da ragamarta. Sun san darajar tsohonsu: waƙoƙin kakanni, wuraren ruwa a hamada, wane dutse na wane dangi ne, duk a kansa suke. In ya daina jin tambayar jikansa, an rufe wannan rumbu.

Ga kuma maganar hannu. Matan Warlpiri in suna takaba sukan daɗe ba sa magana da baki, sai da hannu, har abin ya zama cikakken harshe, wanda masanin nan Adam Kendon ya rubuta littafi a kansa a 1988. Na ga tsofaffin mata a inuwa, ɗaya nan ɗaya can nesa, yatsu na tafiya, dariya na tashi. Wadda kunnenta ya yi nauyi a cikinsu ba a bar ta a baya ba.

A gida fa? Da an ce Baba ba ya ji, sai a ce ai tsufa ne, a rufe zancen. Sanƙarau ya kurmantar da wasu, injin niƙa da lasifikar biki sun gama da wasu, wasu kuma tun suna yara aka sha ɗura musu mai a kunne ana saƙace da gashin kaza. Dattijo ya zo majalisa, ya gyaɗa kai, in an yi dariya ya yi. Sannu a hankali ya daina zuwa. A masallaci sai ya dubi na kusa da shi kafin ya yi ruku'u. Alhali shi ne ya san iyakar gonaki, shi ne ya san labarin tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyan da ke kewaye da shi. Muna kai masa tuwo, muna durƙusa masa, amma mun daina hira da shi, kuma wannan yana min ciwo.

A can ƙasar Warlpiri, ma'aikaciyar lafiyar nan ta ce min sa na'ura ba shi ne aikin ba. Ƙura na toshe ta, batir na ƙarewa, yatsun tsoho ba sa iya kama ɗan ƙaramin abu, wani kuma kunya ke hana shi sawa. Shi ya sa masu awon suke dawowa zagaye bayan zagaye, su goge, su gyara, su bar batura a asibitin ƙauye. Kafin tsohuwar nan ta tafi, sai da aka kira jikarta aka koya mata buɗe murfin da canza batir, aka sa ta maimaita har hannunta ya saba.