Wasiƙa daga Iowa: Baƙinmu a cikin 'yan sikawut

  

Yaya ya tambaye ni labarin yaran nan biyu da na ambata masa a waya. Ɗalibai ne da suka zo a watan Agusta 2024 ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002. Ɗaya daga Kaduna, ɗayan daga Indonesiya. Zaman wata goma suka yi a gidajen Turawa, suna karatun sakandare. Matar da ta riƙe ɗan Kadunan ce ta kawo su rukunin sikawut ɗin da babban ɗana yake, inda nake taimakawa duk daren Litinin.

A kwamitin iyaye wasu suka ce a bar su a matsayin baƙi, su riƙa zuwa suna kallo, tunda ba za su kai muƙamin Eagle ba. Ta nan suna da gaskiya: daga matakin First Class zuwa Eagle sai an yi aƙalla wata 16, ga kuma bajo 21. Ni dai na ce a'a. Yaron da aka ajiye a gefe yana kallo, mako uku zai yi ya daina zuwa. A yi musu rajista, a ba su kaki, a raba musu aikin girki da wanke tukwane kamar kowa. Da ƙyar aka amince.

Sauran abubuwan ba su yi wuya ba. Idan ana rantsuwar mubaya'a ga tutar Amurka, su miƙe su yi shiru, don ba ƙasarsu ba ce. Aka sayi kasko daban saboda naman alade. A ginin coci muke taro (Inna ta kwantar da hankalinta, ɗakin ƙasa kawai suke ba mu aro), kuma a nan muke sallar isha'i mu huɗu.

Abin da ya fi ba ɗan Kadunan wahala shi ne musabaha. 'Yan sikawut da hagu suke gaisawa! Yaron da tun yana ƙarami ake buge masa hannu in ya miƙa hagu, yau ga dattijo mai furfura ya miƙo masa tasa. Ya ƙi, ya sunkuya ya ba da dama. Dattijon ya ɗauka raini ne. Sai da na zaunar da su duka biyun. Na ce wa yaron ana danganta al'adar da Asante ta ƙasar Gana, inda Baden-Powell ya je yaƙi a 1896: jarumi kan ajiye garkuwarsa ya miƙa hagu don nuna amana. Dattijon kuma na faɗa masa abin da hagu take nufi a wurinmu. Tun daga ranar sai su gaisa da hagu, su ƙara da dama.

A zangon Janairu cikin ƙanƙara, shi ya fara hura wuta da ashana ɗaya, aikin da ya saba tun gida. Da azumi ya kama a Maris 2025, yaran rukuninsa da kansu suka ɗage abincin dare zuwa faɗuwar rana.

Ya koma a watan Yuni da kakinsa a jaka. Yaya, na ba shi saƙon Inna, zai kira ka in ya shigo Zariya. A gaida kowa da kowa.