Tsohon injin huda ƙarfe

A Maraɗi akwai wani maƙeri mai yin ƙofofi da amalanke. Ya sayo tsohon injin huda ƙarfe daga Kano, ya zuba duk ajiyarsa a ciki. In injin ya tsaya, tukunyar gidansa ma ta tsaya.

Ɗan ƙanwarsa yana koyon aiki wurinsa. Yaron yana ɗokin kunna injin.

— Kawu, yaushe zan fara huda?

— Sai ka iya shara tukuna, ɗana.

Wata guda yaron yana share garin ƙarfe da buroshi, yana shafa mai a jikin sandar injin don kada ta yi tsatsa. Sannan kawu ya buɗe murfin sama, ya nuna masa bel. In an sauya wa bel gurbi, gudun injin ya sauya. Babban baki yana son gudu kaɗan, ƙarami yana son sauri. In aka gaggauta, bakin ya yi zafi, ya dakushe.

Ya koya masa dokoki 4. A ɗaure ƙarfe tam, ba a riƙe shi da hannu. A cire makulli kafin a kunna. A ɗiga mai a wurin huda. A naɗe hannun riga, gama injin bai san yatsa ba.

Yanzu yaron yana huda shi kaɗai. In bel ya yi sako-sako, da kunne yake ganewa. Sai ya kashe wuta, ya gyara, sannan ya ci gaba.