Ranar da hoto bai ga komai ba

Gwaggona Bagobira ce ta Sabon Birni, mace mai ƙwazo wadda ba ta san kwanciyar rana ba. Shekara uku ta yi tana lalacewa a kan idonmu: ciwon ƙashi, ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, kasala, ga mantuwa. Sau biyu tsakuwar ƙoda na kwantar da ita. A gida kowa da fatawarsa, wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tsufa, wasu kuma suna raɗa cewa jifa ne.

A wani asibiti a Sakkwato aka auna jininta, aka tarar kalsiyam ya haura ƙima, haka ma sinadarin da ke sarrafa shi. A nan na fara jin sunan paratayirod. Wasu 'yan ƙwayoyin nama ne, galibi guda huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, suna maƙale a bayan tayirod, wato naman wuyan nan da kumburinsa ke zama maƙoƙo. Aikinsu daidaita kalsiyam a jini. Idan ɗaya ta kumbura ta daina jin birki, sai ta riƙa kwasar kalsiyam daga ƙashi tana zubawa cikin jini, ƙashi ya yi rauni, ƙoda ta tara tsakuwa. A wajen mutum takwas cikin goma masu wannan cuta, ƙwaya ɗaya tak ce mai laifin, kuma cire ta shi ne magani.

To, wacce ce cikin huɗun, kuma a ina take? Aka yi wa gwaggo sikanin wuya, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Bai nuna komai ba. Da yamma kawuna ya kira ni, muryarsa har da ɗan sauƙi: "Ka ji ko? Hoto bai ga komi ba. To mi za su yanka? Ku maido ta gida, wannan ba ciwon asibiti ba ne."

Ban ga laifinsa ba. Mu mutane ne da muka ba hoto gaskiya fiye da takardar gwajin jini, domin shi ido ke gani. Amma a wannan cuta jini ne ke yanke hukunci. Hoto ɗan jagora ne kawai, ana nemansa bayan an tabbatar da cutar, don likitan fiɗa ya san gefen da zai buɗe. Rashin ganin ɓarawo a tsakar gida ba ya nufin ba a yi sata ba.

Ƙwayoyin nan sun daɗe suna wahalar da masana. Sai a 1880 wani ɗalibin likitanci a Uppsala ta ƙasar Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin ɗan Adam, kuma sai a 1925 Felix Mandl ya yi tiyatar farko da ta shahara a birnin Biyana. A Amurka, an yi wa wani matuƙin jirgin ruwa, Charles Martell, fiɗa sau shida a wuya ba a dace ba. A karo na bakwai, cikin 1932, aka samo ƙwayar a ƙirjinsa. Dalili kuwa, tun jariri na ciki ƙwayoyin ke gangarowa zuwa mazauninsu, wasu kan zarce, wasu kan ɓuya a bayan maƙoshi.

Shi ya sa aka samar da hoton sestamibi. Ana yi wa marar lafiya allurar wani sinadari mai ɗauke da teknishiyam, wanda ke fitar da ɗan hasken da kyamara ta musamman ke kamawa. A ɗauki hoto bayan 'yan mintuna, a sake bayan kamar awa biyu. Kafin nan tayirod ta saki sinadarin, ita kuwa ƙwaya mai zarin aiki ta riƙe shi, sai ta fito kamar garwashi cikin toka. Matsalarmu ita ce ƙarfin teknishiyam na raguwa da rabi duk bayan awa 6, kuma daga waje ake shigo da abin da ake tatsarsa. Cibiyoyin da aka fi sani da wannan aiki suna Ibadan da Abuja. Ga wanda fitarsa daga Sabon Birni ko Isa zuwa Sakkwato ma sai da addu'a saboda 'yan bindiga, wannan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Likitan ya shimfiɗa mana zaɓi biyu. In hoto ya nuna wuri, tsaga kaɗan ta isa. In bai nuna ba, a buɗe wuyan a duba duka huɗun, kuma a hannun gwani fiye da kashi 95 cikin 100 na warkewa ta haka. Abin da ya ce kada mu yi shi ne komawa gida.

Gwaggo ce ta raba gardamar. Ta ce tun tana yarinya take wucewa ta kufan Alkalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808. "Ciyawa ta rufe ganuwa, baƙo ba ya ganin komi. Amma wa ya ce ba a yi birni nan ba? Ɗana, kai ni inda za su duba da kyau."

Muka sayar da tumaki biyu, dangi suka yi karo-karo, muka tafi Abuja. Hoto na biyu ya nuna ɗigon haske a ƙasan wuya ta hagu. Abin da aka ciro bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Kawuna ya daɗe yana kallonsa cikin 'yar kwalba, sannan ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya cinye muna shekara ukku?"

Da damina gwaggo ta koma gonarta ta gero.