Murhun ɗumama ɗaki da ɓarauniyar iska

Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki bisa duwatsu uku ya san yadda ake sarrafa wuta: in ana so ta ƙaru a iza itace, in ana so ta lafa a janye shi, a yayyafa masa ruwa, a ajiye don gobe. Iska kuwa babu mai kula da ita, domin ta ko'ina take shigowa. A ƙasashen sanyi al'amarin ba haka yake ba. Murhun da suke ɗumama ɗaki da shi akwati ne na zubabben ƙarfe, mai ƙofar gilashi da bututun hayaƙi wanda ya huda rufin gida. Ana cika shi da itace a rufe, ba a kuma janye komai. Linzamin wutar ɗaya ne tak, wato ƴar kafar iska da ake buɗewa ko a tsuke da wani ɗan hannu na ƙarfe. Da zarar iska ta sami wata hanya ban da wannan, to linzami ya kuɓuce daga hannun mai gida.

Na san wannan ne a gabashin Faransa, cikin tsaunukan Jura, kusa da garin Pontarlier da ke dab da iyakar Suwis, inda aiki ya zaunar da ni da iyalina. Yankin ya yi suna wajen sanyi, domin a ƙauyen Mouthe da ke maƙwabtaka da mu ne aka auna digiri 36.7 ƙasa da sifili a watan Janairu na 1968. A irin wannan wuri itace dukiya ne. Ana sayensa tun bazara da wani ma'auni da suke kira siter, wato tari mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, a jibge shi a rumfa kamar yadda manomi ke cika rumbu, ana lissafin ya kai watan Afrilu.

Tsohon murhun da muka tarar a gidan haya ya yi mana biyayya shekara biyu. Nakan cika shi da ƙarfe goma na dare, in tsuke iska, da asuba in tarar da jan garwashi a ƙarƙashin toka. A sanyi na uku sai ya sake hali. Kafin ƙarfe ɗaya na dare ya lashe abin da aka ba shi, ɗaki ya yi zafi har a yaye bargo, sa'annan ya huce, yara su wayi gari a takure. Tarin itacen kuma yana zaizayewa, har na ga alamar ba zai wuce Fabrairu ba. Uwargida ta ce: “Malam, itacen bana ba shi da auki.” Zargi ne da ya cancanci a bincika, don haka da itacen aka fara.

Busasshen itace, ko wane iri ne, kilo ɗaya nasa yana ba da zafi kusan kilowat 4 na tsawon awa guda. Bambancin yana ga nauyi. Kamar yadda ƙirya ke daɗewa tana ci alhali tumfafiya bal ɗaya take yi ta mutu, haka itatuwa masu tauri da Faransawa ke kira shen da etir da sharm suka fi safan, mai kamshin ƙaro, wanda ya cika dazuzzukan Jura. Namu etir ne, irin na bara, daga hannun mutum ɗaya, kuma faskaren ba ƙanana ba ne. Ana so damshin da ke cikin itace ya gaza kashi 20 cikin 100, kuma na'ura mai allura biyu da ake sokawa a sabon faskare ta nuna namu bai kai haka ba. Ko da ma jiƙaƙƙe ne, ai jiƙaƙƙen itace ba ya saurin cinyewa. Tsuwa yake yi, ya yi hayaƙi, ya baƙanta gilashi.

Abin da ya tona asiri shi ne halin harshen wuta. A lafiyayyen murhu, in an tsuke iska, cikin ƴan mintoci harshen yakan sassauta, ya riƙa lilo a hankali. Namu ko gezau. Yana nan fari fat, yana gurnani kamar wutar maƙera da ake yi wa zuga-zugi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saura a gano tsagar.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekara fiye da sittin yana hura irin wannan wuta, shi ya nuna mini gwajin takarda. A bakin ƙofar murhu akwai wata igiya da aka saƙa da zaren gilashi, a kwance cikin kwarmi, wadda ke cike tsakanin ƙofa da jikin murhu. Sai murhu ya huce sarai, a sa tsinken takarda a bakin ƙofa, a rufe, a ja. In ta cije, wurin lafiya lau. In ta zare salin-alin, nan ne ɓarauniyar hanya. Ana bin ƙofar kewaye, taki bayan taki. A tamu, takardar ta cije ta gefen maratayi, amma a kusurwar sama ta wajen mariƙi zamewa ta yi kamar ba a rufe komai ba. Igiyar ta daskare, ta baje, ta yi ƙyalli saboda tsufa.

Gwaji na biyu da dare ake yi: a kunna tocila a ajiye cikin murhu mai sanyi, a kashe fitilun ɗaki, a duba inda haske ke tsiyaya. Na uku kuwa, wanda ya fi burge ni, da turaren tsinke ake yinsa, abin da ba a rasa shi a ɗakin matar Bahaushe ko da a Turai take. Lokacin da wuta ke ci, a tsuke iska, a bi gaɓoɓin murhu da turaren a hankali. Inda hayaƙinsa ya karkata ya shige ciki, akwai kafa. Da shi muka kama babbar ɓarauniyar, wato aljihun toka da ke ƙasa. Igiyarsa ta tsinke, toka kuma ta taru a bayansa ta hana shi komawa daidai. Wannan kafa ta fi kowace ɓarna, domin iskarta ta ƙarƙashin garwashi take hurowa, kuma irin wannan zafi shi ke lanƙwasa ƙarfen ciki, har ya fasa jikin murhu.

Gyaran bai kai kuɗin siter ɗaya ba. An ɓamɓare tsohuwar igiya, an kankare kwarmin da burushin ƙarfe, an shafa gam mai jure wuta, an kwantar da sabuwa mai kauri daidai da na asali, ba tare da an ja ta ba, domin in an ja ta sai ta sirance. Aka rufe ƙofa aka bar ta kwana ɗaya, sa'annan aka fara da ƙaramar wuta.

Wani lokaci laifin na bututu ne. Yawancin murahu an ƙera su ne don zuƙar kusan faskal 12, alhali dogon bututu a daren tsananin sanyi yana iya ninka haka. Mai sharar bututu yana da abin aunawa, yana kuma duba farantin da ke tare harshen wuta a saman murhu, wanda in ya tsage zafi ke tserewa sama kai tsaye.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kowace kafa abar toshewa ce. Tun 1 ga Janairu 2022 ƙa'idar Tarayyar Turai ta tsananta kan hayaƙin sababbin murahu, kuma da yawansu an yi su ne yadda iska ba ta yankewa ɗungum, saboda haka ba a sa ran su kwana da wuta kamar na da. Wutar da aka shaƙe tana tara kwalta a bututu, wadda ke haddasa gobara, tana kuma fitar da iskar guba marar wari, irin wadda ke halaka masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Shi ya sa dokar Faransa ta Yuli 2023 ta wajabta share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, ni kuma na rataya na'urar gargaɗi a zauren da murhun yake.

Itacen ya kai mu tsakiyar Afrilu, har da ragowar faskare goma sha. Takardar gwajin tana nan cikin aljihun tebur, tare da igiya mita biyu da ta rage, sai watan Oktoba.